Surukata da Direban Cikin Laftof

Ranar aurenmu surukata ba ta ga komai ba sai tukwane. A cocin garinsu aka ɗaura auren, can Kagoma. Ta shigo da ankon zumuntar mata ta zauna a gaba, amma kafin fasto ya gama sa albarka ta sulale ta ƙofar gefe ta koma bayan gida wurin murhu. Matan unguwa sun cika wurin, kowace da aikinta, sai dai ita hankalinta ba ya kwanciya in ba tana tsaye a kan abin da za a ba baƙi ba. Can ta wuni cikin hayaƙi. Rawar da aka yi a fili, da isowar dangina daga Samaru Kataf da waƙa, da yanka kek, duk sun wuce ta.

Wani ɗan kwaya, wato mawaƙan cocinmu, ne ya ɗauki bidiyon bikin. Ya daɗe bai kawo ba, da ya tashi kawowa kuma bai buga shi a faifai ba, sai ya zo gida ya zuba mana shi a laftof ɗin maigidana. Bayan nan ya bar gari neman aiki, muka daina jin ɗuriyarsa.

A lokacin muna zaune a ciki da falo a wani gidan haya a Kafanchan, ba nisa da layin dogo. Maigidana yana koyarwa a makarantar sakandare, ni kuma ina gida ina jiran a kira ni aiki. Laftof ɗin nan na hannu ya saya tun yana saurayi, baƙi ne mai nauyi, in ya yi zafi fankarsa ta riƙa gurnani. Amma shi ne talabijin ɗinmu, shi ne rediyonmu, a cikinsa yake buga tambayoyin jarrabawa. Ba mu da tebur a falo, sai mu kifa bokiti mu ɗora shi a kai, mu zauna a tabarma da kwanon abinci a tsakaninmu. Na zauna a gidaje masu kyau bayan wannan, amma in na tuna farkon aurena, bokitin nan nake gani.

Tsakiyar damina Mama ta aiko cewa ta gama ciyawar gonar citta, za ta zo ta ga bikin ɗanta. Gabana ya faɗi. Ban taɓa zama da ita mu biyu ba. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, in ta dube ki sai ki fara tunanin ko ɗankwalinki ya karkace. Ba na jin yarensu, ba ta jin namu, Hausa ce kawai ta haɗa mu, kuma Hausarta irin ta tsofaffin gida ce, mace da namiji duk "ka" ne.

Ta iso a bayan ɗan acaba da buhun acca a gaba, sabuwar doya ɗaure a baya. Ta sha ruwa, ta yi addu'a, ta ƙi hutawa.

"Amarya," in ji ta, "ka kawo abin nan mu gani. Hutu yana nan."

Maigidana ya kifa bokiti, ya kunna laftof. Ya taso kamar kullum, tambarin kamfanin ya fito, muka jira. Sai fuskar allon ta cika da wasu layuka kore da ruwan hoda, suna rawa daga sama zuwa ƙasa. Hoton da muka sa a bangon allon, na ranar da aka kai sadakina, ya tsattsage ya zama ƙananan murabba'ai, kamar an yayyanka atamfa an ba makaho ya harhaɗa. Kibiyar da ake nuni da ita tana tafiya tana barin sawu a bayanta.

"Yanzu zai gyaru," in ji maigidana. Ya lalubo bidiyon da ƙyar ya buɗe.

Kiɗa ya fito tsaf, muryar kwaya ta cika falon. Amma ango kore shar, kan fasto ya rabu biyu, rabi a wuyansa rabi a kusa da taga, ni kuwa farar rigata ta koma ruwan hoda mai ɗigo-ɗigo. Mama ta matso da fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni.

"Haka ka yi kwalliya ranar?"

Ban san ko wasa take yi ba. Sai da na ga kafaɗunta suna motsi na gane dariya take dannewa. Wannan ne karon farko da na ga haƙoranta.

Maigidana bai yi dariya ba. Ya tuna shekaranjiya ruwa ya kama shi a kan babur yana dawowa daga makaranta da laftof a jaka, nan take ya yanke hukunci ruwa ne ya shiga sikirin, wato allon. Ya kashe ya kunna. Ya cire batir ya hura ya mayar. Ya riƙa matsa gefen allon da yatsa, yana buɗe murfin yana rufewa a hankali ko wata waya ce ta saki a ciki. Mama ta ce a shanya shi a rana kamar citta, shi kuwa don ya rasa abin yi, ya shimfiɗa zane a kan dakali ya ɗora shi har hadari ya haɗu.

Da rana ta gaza, ya kai wa wani mai gyara a kasuwa. Mutumin ya duba ya ce mai yiwuwa sikirin ne, amma irinsa sai an aika Kaduna, kuma ba zai yi alkawarin ranar isowa ba. Maigidana ya dawo da laftof ɗin a hamata, fuska a murtuke. Mama ta ce ba komai, ta koma gida, in an gyara ta sake zuwa. Duk mun san in ta koma sai bayan girbi, in ma ta samu zuwa.

Washegari ya tafi makaranta ya bar mu a gida. Na rasa abin da zan ce mata, sai na ɗauko accar da ta kawo zan wanke. Tana zaune a bakin ƙofa tana kallona, har ta kasa haƙuri.

"Amarya, ɗana zai ci yashi yau. Kawo ƙwarya biyu."

A gidanmu ma muna cin acca, amma yayyena ne ke wankewa, ni 'yar auta ce. Ta durƙusa kusa da ni ta nuna mini yadda ake juya ƙwarya cikin ruwa a hankali, accar ta bi ruwa ta zuba a ɗayar, yashin ya kwanta a gindi. Ta kama hannuna da nata tana juyawa. Tafin hannunta kamar ɓawon itace. Muna cikin haka ta fara ba ni labarin nata auren, ba tare da na tambaya ba: da ƙafa aka rako ta daga ƙauyensu, ruwa ya cika rafi, wani kawunta ya goya ta ya ƙetare, ta isa gidan miji da zane jiƙe. Babu mai hoto ko ɗaya. Ta ce yanzu in ta so tuna fuskar mijinta yana saurayi, sai ta dubi maigidana ta rage masa ƙiba.

Da muka ɗora gwate, na koma ɗaki na kunna laftof ɗin, don dai kada in zauna haka. A nan na lura da abin da ba mu kula da shi ba jiya. Lokacin da yake tasowa, tambarin kamfanin yakan fito garau, babu layi ko ɗaya. Sai ya gama shiri ya buɗe sannan ɓarnar ta fara. Na kashe na sake kunnawa, haka dai. Na ce a raina, allon da ruwa ya lalata ai ba zai zaɓi lokacin da zai nuna lalacewarsa ba.

Na kira yayata. Tana Sabon Tasha a Kaduna, ta daɗe tana aiki a shagon buga takardu, kwamfutoci sun sha mutuwa suna tashi a hannunta. Na ba ta labari.

"Kafin ya fara, me kuka yi masa?" ta tambaya.

"Ruwa ya taɓa jakar."

"Bar batun ruwa. Kun sa masa modem na intanet?"

Na tuna. Ranar da ruwan ya kama maigidana, ya ce mini a makaranta ya jona modem yana neman wani abu, da zai tashi laftof ɗin ya ƙi mutuwa, ya rubuta wai yana afdet, wato yana sabunta kansa, kada a kashe shi. Har ya yi ta mita abin ya sa shi latti, shi ya sa ruwan ya same shi a hanya.

"To, ku nemi talabijin mai ramin kebul na kwamfuta ku jona," in ji yayata. "In talabijin ya nuna garau, sikirin ɗinku ne ya lalace. In shi ma ya nuna shirmen, ku bar sikirin ya huta, ba laifinsa ba ne."

Talabijin ɗaya ne irin wannan a gidan, na maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu. Ibo ce, tana sayar da atamfa a kasuwa, amma a Kafanchan aka haife ta, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne tun zamanin da tashar ke cike da fasinja dare da rana. Hausarta ta fi tawa kyau, har karin magana take yi mini in kasa ba ta amsa. Da yamma maigidana ya aro kebul mai shuɗin kai daga ɗakin kwamfuta na makarantarsu, muka ɗunguma falonta har da Mama.

Aka jona. Babban allon ya yi baƙi, ya yi ƙyafta, sai ga layukan nan kore da ruwan hoda sun bayyana, sun ma fi girma. Maman 'yan biyu ta yi tsalle.

"Kai! Cire, cire! Kada ya shafa wa nawa cutar!"

Maigidana kuwa sai ya zauna a hannun kujera ya saki ajiyar zuciya. "Ashe ba ruwan ba ne," ya ce, ya sake cewa, "ashe ba ruwan ba ne." Tun jiya bai ci abincin kirki ba.

Muka sake kiran yayata, na sa wayar a amsa-kuwwa. Ta ce a kashe, a kunna, a riƙa danna wani maɓalli na layin sama kafin tambarin ya wuce, za a ga zaɓin da ake kira sef mod, wato laftof ya tashi da 'yan abubuwan da suka zama dole kawai. Sai da muka yi ta gwadawa, maigidana yana makara, kafin muka kama shi. Allon ya buɗe da manyan haruffa, gefensa baƙi, amma tas, babu layi babu murabba'i.

"Alhamdu lillahi, mun gode wa Yesu," in ji Maman 'yan biyu, ta haɗa duka biyun kamar yadda ta saba.

"To kun ga," in ji yayata. "Na'urar hoton ma lafiyarta lau. Direba ne. Afdet ɗin nan ya sauko da sabon direban hoto, shi kuma tsohon laftof ɗinku ba su jitu ba."

Mama ta ɗago. "Direba? A cikin wannan ɗan abu?"

Yayata ta gaishe ta da ladabi, ta yi mata bayani cewa ba mutum ba ne, wani umarni ne a rubuce da ke gaya wa na'urar yadda za ta zana hoto a allo. Mama ta gyaɗa kai.

"Na gane. An sallami wanda ya san hanya, an kawo baƙo. To a kira na da ɗin."

Maigidana ya ce tunda allon ya gyaru a haka, bari Mama ta kalla kawai. Ya buɗe bidiyon, sai ga hoto yana tafiya yana tsayawa, kuma babu sauti ko kaɗan, don a sef mod ba a jin murya. Mama ta kawar da kai. Ta ce ba ta baro gonarta don ta ga mutane suna buɗe baki kamar kifi ba. Ya ce to a kwafe a filash a kai ta shagon intanet ta kalla a kwamfutarsu. Ta ce bikin ɗanta ba za ta kalle shi a shago cikin baƙi ba. Za ta jira.

Kiran na da ɗin bai zo da sauƙi ba. Yayata ta bi da mu lungu-lungu har inda sunan direban yake, ta ce akwai maɓallin da ke mayar da tsohon. Muka same shi a dushe, ba ya dannuwa. Ta ce to a cire sabon gaba ɗaya. Muka cire, muka sake kunnawa. Layukan sun tafi, sauti ya dawo, amma komai ya baje: ni da ango muka zama gajeru masu faɗi kamar tulu, hoton kuma yana tsalle, a ji ganga ta buga sannan a ga hannun makaɗi ya sauka. Ta ce sai mun shiga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, mu nemi lambar da ke rubuce a gindinsa, mu sauke tsohon direban da aka yi dominsa.

A unguwarmu kuwa sabis sai an fita tsakar gida an ɗaga waya. Maman 'yan biyu ta ce ƙaninta yana da shagon ɗinki a saman bene kusa da tashar jirgi, can sabis ke da ƙarfi. Ranar Asabar muka tafi ni da maigidana. Ya rataye modem ɗin a jikin taga da doguwar waya, muka zauna a benci cikin ƙyallaye muna kallon ɗan layin da ke nuna saukowar abin yana rarrafe. Ruwa ya sauko, kwanon rufin ya riƙa ƙara har ba ma jin juna. Daga tagar ana hango tsofaffin taragu a fake, ciyawa ta fito a tsakanin ƙafafunsu, awaki sun shige ƙarƙashi suna fakewa. Abin ya kusa kaiwa ƙarshe sabis ya ɗauke, muka koma farko. Maigidana ya dafe kai, ni kuwa dariya ta kama ni, shi ma ya biye mini. Telan ya aika aka sayo mana gasasshiyar masara da atili. Ba na jin mun taɓa samun zaman hira irin na ranar tun da aka yi bikin, ba abin da za mu iya yi sai jira.

A karo na gaba ya sauka duka. Muka sa shi, laftof ya nemi a sake kunna shi. Na rufe ido. Da na buɗe, hoton ranar sadakina yana nan daidai, kowa da kansa a wuyansa. Kafin mu sauko daga benen, yayata ta waya ta sa muka hana shi sake sauko da direba da kansa, in ba haka ba, in ji ta, ranar da ya ga intanet zai koma gidan jiya.

Ranar Lahadi bayan sujada muka kalla a falon Maman 'yan biyu, a babban allo. Mama ta yi wanka ta ɗaura sabon zane kamar mai zuwa bikin da gaske. Na zaci mu za ta kalla, ni da ɗanta. Ina! Idonta na kan kwanukan mutane.

"Wancan tebur ba a kai musu nama ba. Ka gani? Na faɗa wa yaran nan." Can kuma, "Wannan matar ta ce mini ba ta samu abinci ba, ga shi tana ci." Da dangina suka shigo da waƙa ta yi shiru ta saurara, ta tambaye ni ma'anarta, na fassara mata. Ta ce mutanenmu sun iya rawa amma suna ɗaga ƙafa da yawa. Sau ɗaya ta bayyana a bidiyon, daga nesa, ta juya baya, ɗauke da kular abinci a ka. Maman 'yan biyu ce ta gane ta, ta yi ihu, Mama ta ce ba ita ba ce, sannan ta ce a mayar baya ta gani.

Can wajen tsakiyar rawa wani dattijo mai jar hula ya shigo fili da sanda, yana taka rawa a hankali, mutane suna buɗe masa hanya.

"Tsaya," in ji Mama.

Maigidana ya tsayar. Yayan Mama ne, wanda ya rasu 'yan watanni bayan bikin. Ni sau ɗaya na taɓa gaishe shi. Hoton ya tsaya yana dariya, sandar a sama, bakinsa a buɗe. Mama ta tashi daga kujera ta je gaban talabijin ta tsaya.

"An ce mini ya yi rawa," ta ce. "Na ce ƙarya ne, mutumin da ƙafa ta hana shi zuwa gona."

Ta ce a sake shi ya yi. Muka mayar, ya sake shigowa, ya sake ɗaga sanda. Ba ta yi kuka ba, sai ta riƙa kiran wani suna da yarensu ƙasa-ƙasa, wanda maigidana ya ce mini daga baya sunan tsokana ne da take kiransa da shi tun suna yara. Sai da ta ƙoshi ta koma ta zauna, ta ce a ci gaba.

Da za ta tafi ta sa muka yi alkawarin kawo laftof ɗin gida da Kirsimeti, don matar marigayin ta gani, da matan da suka taya ta girki.

Muka cika alkawari. Muka yi masa caji a Kafanchan, na rungume shi a bayan babur har Kagoma. A gindin mangwaron ƙofar gida aka ɗora shi a kan turmi, mata suka kewaye, na baya suna leƙe ta kafaɗar na gaba. Matar marigayin ta ga mijinta, ta rufe baki da gefen zane, sauran suka riƙa dafa ta. Aka mayar mata, aka sake mayarwa, har batir ya fara kuka. Ana shirin yanka kek allon ya mutu. Mata suka yi ta cewa kash, garin kuma babu wuta.

Mama ta gyara zama a kan kujerarta 'yar tsugune. "Ku zauna," ta ce. "Ni na ga sauran." Ta fara daga wuƙar da aka ɗaura wa kintinkiri, ta tashi ta gwada musu yadda ɗanta ya riƙe hannuna yana rawar jiki, da yadda na ba shi kek ya kusa cije mini yatsa, ta ƙara da abubuwan da ni ban tuna sun faru ba. Ina zaune a bayanta ina ɓare gyaɗa, in ta waiwayo ta ce, "Ba haka ba ne, amarya?" sai in ce, "Haka ne, Mama."

Ta rasu yanzu shekaru sun yi nisa. Har ta bar duniya, da 'ya'yana sun girma sun fi ni tsawo, amarya take kirana.